Ali Ibn Ridwan: Likitan Masar Da Ya Adana Labarin Baƙon Tauraron Shekara Ta 396 Bayan Hijira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

A nan Samaru da Sabon Gari, idan wani haske ya bayyana a sama cikin dare, kafin gari ya waye an gama yi masa fassara. Wannan ya ce wani babba ne zai rasu, wancan ya ce alamar tashin Alƙiyama ce, hoto kuma ya zaga wayoyin jama'a. Bayan sallar Asuba sai a taso mu da tambaya, amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin ƙarfe nawa ya ga abin, ta wace nahiya, tsaye yake ko tafiya yake yi. Wannan ne ya sa muka ga dacewar kawo tarihin wani malami da ya ga irin wannan haske fiye da shekara dubu da ta wuce, ya rubuta siffarsa ta yadda masana suka amfana da ita har zuwa zamaninmu.

Asalinsa da neman iliminsa

Sunansa Abul Hasan Ali bin Ridwan al-Misri. An haife shi a garin Giza, a gaɓar kogin Nilu, a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 4 na Hijira, lokacin da Faɗimiyawa ke mulkin Masar. Mahaifinsa talaka ne mai gasa gurasa. Ibn Abi Usaibi'a ya kawo tarihin da Ibn Ridwan ya rubuta game da kansa a cikin littafinsa Uyunul Anba', mai bayanin rayuwar likitoci. A ciki ya nuna cewa ya fara karatu yana ɗan shekara 6, ya ƙaura zuwa babban birni yana da 10, ya shiga karatun likitanci da falsafa bayan ya cika 14.

Ba shi da abin da zai biya malamai, don haka ya rungumi littattafai. Abin da zai ci kuwa, da duban taurari ya fara samunsa, daga baya ya koma yin magani da koyarwa. Haka ya yi ta fama har ya kai shekara 32, sannan sunansa ya fito, wadata ta samu, daga ƙarshe ya zama shugaban likitocin Masar.

Daren da hasken ya bayyana

Yana farkon karatunsa ne, a ƙarshen watan Afrilu na shekarar 1006 Miladiyya, wato daf da kamawar Sha'aban na 396 Hijira, wani haske ya fito ta kudu a inda ba a san da tauraro mai haske irin wannan ba. Shekaru da dama bayan haka, da ya zo rubuta sharhi a kan littafin Baɗlimus na hukunce-hukuncen taurari, sai ya shigar da abin da ya gani da idonsa.

Ya faɗi wurinsa: a burujin Aƙrabu, daraja ta 15, daura da rana wadda take daraja ta 15 a burujin Sauru. Ya faɗi siffarsa da girmansa: kewayayye ne, ya ninka Zahra, wadda muke kira Zara, sau biyu da rabi zuwa uku. Ya kimanta haskensa da ɗan abin da ya haura rubu'in hasken wata, har sararin sama ya haskaka. Ya lura cewa bai gusa daga wurinsa a tsakanin taurari ba, tare da burujinsa yake fitowa kuma tare suke faɗuwa, har rana ta kai burujin Sumbula, kimanin wata huɗu ke nan, sannan aka daina ganinsa. Ya kuma rubuta matsayin rana da wata da sauran taurari masu tafiya a ranar da ya fara ganinsa. Da wannan lissafi ne masana na baya suka gano cewa ranar 30 ga Afrilu ce.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan lura tana kore wani zato. Abin da ya yi watanni ana kallonsa ya wuce a ce tauraron nan ne mai gilmawa ya mutu cikin ƙiftawar ido. Abin da bai gusa daga wurinsa ba ya saɓa wa tauraruwa mai wutsiya, wadda take sauya wuri dare bayan dare. Zahra kuwa ba ta taɓa tsayawa daura da rana, kullum kusa da ita take, ko dai a yamma bayan Magariba ko a gabas kafin fitowar rana.

Wasu ma sun gani. Ibn Sina ya ambace shi a cikin Kitabush Shifa', Ibnul Jauzi da Ibnul Asir sun kawo shi a cikin abubuwan da suka faru a shekarar 396. Masu lura da sama a fadar sarkin Sin da ta Japan sun rubuta shi, haka ma wasu malaman Kirista a garin San Galen na ƙasar Suwizalan. Mutanen Sin sun sake ganinsa da asuba a ƙarshen shekarar, abin da ya nuna cewa hasken rana ne ya ɓoye shi na ɗan lokaci. A ƙasar Hausa, inda lissafin da aka saba yi wa Tarihin Kano ya sa wannan shekara a zamanin Bagauda, tauraron ya fi ɗagawa sama, domin a daidai Zariya yakan kai kusan daraja 40 daga doron ƙasa, a Alƙahira kuwa 20 da ɗoriya.

Inda ya yi tuntuɓe

Bayan wannan kyakkyawar siffantawa, Ibn Ridwan ya bi hanyar masu duba. Ya danganta yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba da suka sami ƙasashen Musulmi da bayyanar wannan haske. Ga shi kuwa tawayen Abu Rakwa, wanda ya girgiza mulkin Alhakim a wannan shekara, tun kafin tauraron ya fito ya riga ya tashi a Barƙa, cikin Libiya ta yau.

Malamanmu sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai sanin tafiyarsu domin gane alƙibla da lokutan salla da damina da hanyar matafiyi, wannan halal ne kuma abin yabo. Akwai kuma da'awar cewa suna da tasiri a kan mutuwa da rayuwa da arziƙi, wannan haramun ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an yi kusufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka haɗa abubuwan biyu, Manzon Allah ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne waɗanda mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su kusufi.

Likitancinsa da ƙarshen rayuwarsa

A fagen magani ya fi shahara. Ya rubuta littafi a kan kare jiki daga cututtukan ƙasar Masar, inda ya yi magana a kan iska da ruwan sha da ƙazantar unguwannin Fusɗaɗ. Ya yi sharhi a kan littattafan Jalinus, an fassara wasu ayyukansa zuwa Latinanci, Turawa suka karanta su ƙarnoni. Mutum ne mai kaifin harshe wajen jayayya. Muhawararsa da Ibn Buɗlan, likita Kirista daga Bagadaza da ya zo Masar wajen 441 Hijira, ta yi zafi ƙwarai, kuma cikin abin da aka soke shi da shi har da rashin zama gaban malami. Duk da haka ya ambata cewa kullum yakan keɓe ya yi wa kansa hisabi a kan abin da ya aikata a yininsa.

An ruwaito cewa a lokacin wata yunwa ya ɗauki marainiya ya rene ta a gidansa, da ta girma ta kwashe dukiyar da ta kai kimanin dinare 20,000 ta gudu, abin ya taɓa hankalinsa. Ya rasu a Masar wajen shekarar 453 Hijira, daidai da 1061. Allah Ya gafarta masa kurakuransa.

Abin da aka gano daga baya

A shekarar 1965 Bernard Goldstein ya fitar da bayanin Ibn Ridwan ga masana falaki na zamani. A wannan shekara kuma Frank Gardner da Doug Milne, da na'urar rediyo ta Parkes a Ostareliya, suka gano ɓurɓushin abin a rukunin taurarin da Larabawa ke kira Assabu'u, kusa da Aƙrabu. Ashe wani ƙaramin tauraro ne mai tsananin nauyi ya tara abin da ya fi ƙarfinsa ya tarwatse, abin da ake kira sufanoba. Nisansa ya kai tafiyar haske ta kimanin shekara 7,200, wato fashewar ta auku dubban shekaru kafin a haifi Alhakim da Abu Rakwa. A cikin duk abin da ɗan'adam ya rubuta, ba a san fashewar tauraro da ta kai ta haske ba.

Abin lura gare mu

Ma'aunin da Ibn Ridwan ya rubuta ya yi aiki bayan shekara kusan 960, fassarar da ya yi wa hasken kuwa ba ta amfani kowa ba. Don haka, ya ku iyaye da ɗalibai, idan kun ga wani haske, ku fara da abin da ya dace a cikinsa: ku rubuta rana da lokaci da nahiya, ku auna tsayinsa da wani tauraro da kuka sani, ku duba ko yana tafiya, ku sake fitowa gobe a daidai lokacin. Mai ƙyaftawa da ja da kore yana tafiya, jirgi ne, mu da muke maƙwabtaka da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama mun fi kowa saninsa. Jerin fitilu masu bin juna shiru bayan Magariba, taurarin ɗan'adam ne irin na Starlink. Mai tsayayyen haske a yamma ko gabas, galibi Zara ce. Abin da ya gagara, a kai wa malaman kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello tare da abin da aka rubuta, a kame baki daga yaɗa abin da zai firgita Musulmi.

Allah Ya sa mu cikin masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, Ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu da ilimi a kansa. Allah ne Mafi sani.