Paul Langevin: Ɗan “Poli” Ɗin Paris Da Ya Koya Wa Ƙarfe Rawa

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau Faransa za mu leƙa. Amma kafin mu kama hanya, bari mu ɗan biya ta Gezawa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gezawa, ko Jogana ne ko Gunduwawa, ya san wasan nan da yara ke yi a bakin rijiya idan manya ba sa kusa. Ka leƙa, ka ƙwala kira, sai muryarka ta dawo maka. In rijiyar mai zurfi ce, amsa-kuwwar takan ɗan jinkirta. Da magariba kuma za ka ga ƙananan jemagun nan masu cin ƙwari suna shawagi tsakanin bishiyoyi, ba sa karo da komai, domin suna fitar da wani siririn sauti, suna sauraren dawowarsa. Kunnen ɗan Adam iyakarsa sautin da ke karkarwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya haura haka yana nan, mu ne dai ba ma jin sa.

To, wannan ɓoyayyen sautin shi ne ake yi wa mata masu juna biyu sikanin da shi. Da shi likitan haƙori ke kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora. Shi ne kuma ke aiki a cikin ɗan kwanon nan mai tsuwa da wasu masu gyaran waya ke tsoma injin wayarka in ta faɗa ruwa. Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa sunansa Paul Langevin, Faransawa kuma kusan “Lanjaban” suke furta shi. Abin da zai ba ku sha'awa, makarantar fasaha irin tamu ce ta fara renonsa.

Ɗan talaka a makarantar fasaha

An haife shi a birnin Paris ranar 23 ga Janairu, 1872, a gidan da ba wani hali gare su ba. Yana ɗan shekara 16, a 1888, ya rubuta jarrabawar shiga Makarantar Fiziks da Kemistiri ta Masana'antu, wadda hukumar birnin Paris ta kafa a 1882 don ta samar wa masana'antu ƙwararru. Shi ya zo na ɗaya. Makarantar ba ta cikin waɗanda 'ya'yan manya ke rububi a lokacin. Wurin firaktikal ne, wurin da hannu ke ɓaci.

A nan ya yi gamo da katar. Malamin da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje wani matashi ne mai kawaici, Pierre Curie, wanda daga baya ya auri Marie Curie. Shekara takwas kafin nan, a 1880, Pierre da yayansa Jacques sun gano wani abin mamaki game da kwaz, farin dutsen nan mai sheƙi kamar gilashi: in ka matse shi sai ya fitar da lantarki. A 1881 suka tabbatar da akasin haka: in ka ba shi lantarki sai ya ɗan motsa, ya miƙe ko ya takure. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Irin wannan ɗabi'a ce ke ba da tartsatsi in ka danna laitar kunna gas.

Da ya gama a 1891, Langevin bai tsaya nan ba. Ya so shiga babbar makarantar horar da malamai ta Paris, wadda ake buƙatar Latin kafin a shige ta, shi kuwa ba a koya masa ba. Ya zauna ya koya da kansa, ya ci jarrabawa, ya shiga a 1894. A 1897 birnin Paris ya ba shi tallafin karatu zuwa Kambirij a Ingila, inda ya yi aiki a ƙarƙashin J. J. Thomson, a shekarar da Thomson ya gano ilektiron. Ya dawo gida ya kammala digirin dakta a 1902.

Daga nan fa sai hawa. A 1905 ya gaji kujerar malaminsa Pierre Curie a tsohuwar makarantarsa, a shekarar kuma ya fitar da bayanin da ya sa maganaɗisu ke ɗan jan wasu abubuwa, yana ɗan tura wasu. A 1908 ya rubuta lissafin yadda ƙananan ƙwayoyi ke kai-komo a cikin ruwa, wanda har gobe da sunansa ake kira. A 1911 ya kawo misalin matafiyin da ya tafi sararin samaniya da gudu kusa da na haske, ya dawo ya tarar waɗanda ya bari sun fi shi tsufa. Wannan shi ne tushen labarin tagwayen nan da ake ba mu in an zo nazariyyar Einstein.

Ɗan Adam tara yake

Ba za mu ɓoye ba, rayuwarsa ta gida ba ta yi daɗi ba. Ya yi aure a 1898, suka haifi 'ya'ya huɗu, amma zaman ya kasance na rigima. Bayan rasuwar Pierre Curie a haɗarin keken doki a 1906, shaƙuwa ta shiga tsakanin Langevin da Marie Curie. A 1911 wasiƙunsu suka faɗa hannun 'yan jarida, aka yi ta terere. Har ta kai ya ƙalubalanci wani ɗan jarida, Gustave Téry, su fito fili da bindiga irin na al'adarsu ta da. Sun fito ɗin, amma ba wanda ya harba. Marie ce ta fi shan zagi, kasancewarta mace kuma 'yar asalin Folan. Wannan tabo ne a tarihinsa, darasi ne kuma ga duk mai ganin ilimi kaɗai ya isa ya tsare mutunci.

Yadda aka ga abin da ke ƙarƙashin teku

A Afrilun 1912 jirgin ruwan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara, mutum sama da 1,500 suka halaka. Shekara biyu bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka dinga nutsar da jiragen Ingila da Faransa. Matsalar ɗaya ce: ta yaya za ka ga abin da ke cikin teku? Haske ba ya nisa a ruwa, igiyar rediyo ma haka. Sauti ne kawai ke ratsawa, yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa.

A 1915 wani injiniya ɗan Rasha, Constantin Chilowsky, ya kawo wa gwamnatin Faransa shawarar a yi amfani da sauti mai saurin karkarwa, domin shi ana iya saita shi wuri guda kamar hasken tocila. Aka miƙa wa Langevin aikin. Suka fara gwaji a kogin da ya ratsa Paris, daga baya aka koma tashar sojan ruwa ta Toulon. Na'urorin farko sun yi aiki, amma ba ƙarfi.

A 1917 Langevin ya tuna da dutsen malaminsa. Binciken da ya shekara 37 ba a yi wani babban amfani da shi ba, ashe ranarsa na zuwa. In ka ba kwaz lantarki mai juyawa sau dubbai a daƙiƙa, zai yi karkarwa ya tura sauti cikin ruwa. In sautin ya daki wani abu ya dawo ya matse dutsen, sai ya mayar da shi lantarki a karanta. Dutse ɗaya, shi ne baki, shi ne kunne.

Saura matsala guda: manyan duwatsun kwaz masu kyau suna da wuyar samu. Nan ne horon makarantar fasaha ya yi rana. Sai ya yanka dutsen siri-siri, ya jera, ya manne su tsakanin faifan ƙarfe biyu masu kauri, kamar dai yadda muke tsaga burodi mu cusa ƙosai in aljihu ya yi sanyi. Ƙarfen da dutsen suka zama abu guda, suna rawa tare da ƙarfin gaske. A 1918 na'urar ta jiyo amsa-kuwwar jirgin ƙarƙashin ruwa daga nisan da ya kai mita 1,500. Ku yi lissafin da kanku: zuwa da dawowa mita 3,000 ke nan, wato daƙiƙa biyu. Wasan bakin rijiya ne dai, aka sa masa agogo.

Yaƙin ya ƙare kafin a kai ga amfani da ita a fagen daga, amma a shekarun 1920 an riƙa ɗora irinta a jiragen kasuwanci don auna zurfin teku.

Daga kashe kifi zuwa ɗakin tiyata

A wajen gwajin Toulon an lura da wani abu. Ƙananan kifayen da suka gitta ta gaban na'urar sai su taso matattu, wanda kuma ya tsoma hannu sai ya ji zogi mai tsanani. Wani masanin Amurka, Robert Wood, ya ga haka da idonsa, kuma a 1927 shi da Alfred Loomis suka wallafa bincike kan yadda wannan sauti ke taɓa ruwa da jikin halittu. Ashe abin da ke gani yana kuma iya aiki.

Ga yadda wankin yake. In ƙarfe na karkarwa kamar sau 40,000 a daƙiƙa a cikin ruwa, sai miliyoyin ƙananan kumfa su dinga tasowa suna fashewa nan take. Kowace fashewa kamar ɗan ƙaramin guduma ce, tana ɓamɓare datti a lungun da buroshi ba zai taɓa shiga ba. Haka ake wanke almakashi da sauran kayan tiyata kafin a kashe musu ƙwayoyin cuta, haka ake wanke kayan agogo da na injina.

In kuma aka haɗa na'urar da ƙarfe mai tsukewa kamar mazurari, karkarwar takan taru a tsini. Daga nan ana iya zura ta cikin allura, ko siririyar wayar ƙarfe mai lanƙwasa, ta kai aikin can cikin bututu ko cikin jiki. Da irin wannan tsinin ake farfasa tsakuwar ƙoda. Akwai wuƙar tiyata mai karkarwa sau 55,500 a daƙiƙa, tana yanka tana tsayar da jini. Wani likitan ido a Amurka, Charles Kelman, yana zaune a kujerar likitan haƙori ana kankare masa haƙora dabara ta faɗo masa, a 1967 ya fito da hanyar farfasa yanar ido da allura mai karkarwa a zuƙe ta ta ƙaramar kafa. Sikanin kuwa, Ian Donald da injiniya Tom Brown ne suka bunƙasa shi a Gilasgo, suka wallafa sakamakonsu a 1958, bayan sun fara gwaji da na'urar gano tsagewar ƙarfe a masana'anta.

Yau an fi amfani da wani tangaran na musamman a madadin kwaz, ana ɗaure shi da kusa mai zare tsakanin ƙarafa biyu. Amma tsarin burodi da ƙosan nan yana nan, kuma injiniyoyi har yanzu da sunan Langevin suke kiran sa.

Ranar da ɗalibai suka fito dominsa

Langevin bai kulle kansa a ɗakin gwaji ba. A 1922, lokacin da Faransawa ke ƙyamar duk abin da ya fito daga Jamus, shi ya gayyato Einstein ya yi lacca a Paris. A tsakiyar shekarun 1920 ya zama shugaban makarantar da ta rene shi. Shi ya tura ɗalibinsa Frédéric Joliot wajen Marie Curie, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel. A 1934 yana cikin jagororin kwamitin masana masu adawa da mulkin fasist.

Da sojojin Hitler suka mamaye Paris, ba su manta ba. Ranar 30 ga Oktoba, 1940 suka kama shi, yana ɗan shekara 68, suka jefa shi kurkuku. Ɗalibai suka ce ba za ta saɓu ba. Kamun nasa na cikin abubuwan da suka fito da dubban ɗalibai kan titi ranar 11 ga Nuwamba, 1940, a gaban bindigogin Jamusawa. An daki wasu, an kama da yawa, an rufe jami'a. Bayan makonni aka fitar da shi, aka yi masa ɗaurin talala a garin Troyes.

Jarrabawar ba ta tsaya nan ba. A Mayun 1942 Jamusawa suka harbe surukinsa, masanin fiziks Jacques Solomon. A 1943 aka tura 'yarsa Hélène sansanin Auschwitz, Allah ya yi da sauran kwananta ta dawo. Shi kansa sai a Mayun 1944 aka tsallakar da shi Suwizalan a ɓoye.

Da aka 'yantar da Faransa ya dawo, ya shiga jam'iyyar kwaminis, aka kuma naɗa shi shugaban kwamitin gyaran ilimi. Shirin da suka tsara da Henri Wallon ya nemi karatu kyauta kuma dole har shekara 18, da kuma a daina fifita aikin biro a kan aikin hannu. Bai ga ƙarshensa ba. Ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1946. An miƙa rahoton a 1947, ba a kuma aiwatar da shi yadda yake ba. A 1948 aka mayar da shi Panthéon, makwancin gwarazan Faransa. Wani abin al'ajabi, jikansa Michel ya auri Hélène, jikar Marie Curie.

Mu dawo gida

'Yan uwa, mun sha jin gorin HND da digiri, har wasunmu na jin kamar dole ce ta kawo su Poli. To ga ɗan makarantar fasaha nan, wanda abin da ya gani a ɗakin firaktikal yana ɗan shekara 16 ya yi masa rana yana da shekara 45. Da haddace handawut ya yi don ya tsallake jarrabawa, da tuni ya manta da dutsen Curie.

Na'urorin nan duk sun iso asibitocinmu da kasuwanninmu. In na'urar sikanin ta tsaya a asibitin karkara, matar da ta taso tun asuba daga ƙauye a bayan babur sai ta ƙara kuɗin mota zuwa cikin Kano, ko ta haƙura ta koma gida. Wa zai gyara? 'Yan Elektirikal, 'yan Mekanikal, 'yan kimiyyar ɗakin gwaji, wannan tambayar taku ce. Masu neman taken furojet, ga shawara kyauta: ku gwada haɗa ƙaramin kwanon wanki mai aiki da wannan sauti, ku auna, ku rubuta abin da kuka gani da idonku.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.