Rabilu Musa Ibro: Gandiroban da fim ya mayar gidan yari a matsayin fursuna

Duk wanda ya yi wayo a Fagge ko Sabon Gari a farkon shekarun 2000 ya san irin cincirindon da ake yi a ƙofar shagon mai kaset idan aka kunna sabon fim ɗin Ibro. 'Yan dako da 'yan acaɓa da yaran shagunan Kantin Kwari, har da baƙin Sabon Gari da Hausarsu ba ta nuna ba, kowa sai ya ja ya tsaya. Daga Bata zuwa Ƙofar Wambai, dillalan finafinai sun san fuskarsa a jikin kwali ta isa ta sayar da kaya.

An haifi Rabilu Musa a 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, daga nan ya shiga aikin gandiroba. Yana cikin wannan aiki wasan kwaikwayo ya ja shi, har ya ajiye kakin ya rungumi fim.

A lokacin, manyan finafinan Kano na soyayya ne, cike da rawa da waƙa irin ta Indiya. Ibro ya bi ta wata hanyar, wato barkwancin da ake kira camama, wanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan. Manyan masana'antar sun daɗe suna yi wa camama kallon raini, amma talaka a cikinta ya ga kansa: baƙauye ya shigo birni, matalauci mai ƙaryar arziki, mijin da baki ya fi ƙarfin aljihunsa. Da 'yar hularsa da zare ido da saurin baki, Ibro ya mayar da waɗannan mutane taurari, tare da abokan wasansa irin su Tsigai da Dumɓaru.

Abin da na fi jinjina masa shi ne kunnensa. Duk abin da gari ke magana a kai, kafin a ankara ya zama fim. Da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika gidajen biki, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, sai ga Ibro Usama, daga baya kuma Ibro Saddam. Finafinan Indiya ma bai ƙyale su ba, ya sha juya waƙoƙinsu zuwa shirme mai daɗin ji. Ba duka finafinan ne suka yi kyau ba, wasu labarinsu bai fi cikin cokali ba. Masu saye dai ba labari suke nema ba, shi suke nema.

Wannan kunne ne kuma ya jawo masa. Bayan rikicin da ya girgiza masana'antar a 2007, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta tsaurara matakai, aka riƙa gurfanar da 'yan fim a kotun tafi-da-gidanka. A watan Oktoban 2008 aka kama Ibro, aka yanke masa ɗaurin wata biyu. Tuhumar ta shafi rajistar kamfani da rawar da aka ce ba ta dace ba a fim ɗin Ibro Aloko. Sai dai a majalisun Kano mutane da yawa sun danganta kamun da waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin, wadda ta yi shaguɓe ga wani yadi mai zane-zane da ake alaƙantawa da gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau. Ko ma mene ne dalilin, mutumin da ya taɓa riƙe makullin gidan yari sai ga shi an rufe shi a ciki.

Ɗaurin bai rage masa kasuwa ba. Ya fito ya ci gaba da fim da waƙa, har ya kai ga manyan finafinan da a da ba sa kula 'yan camama suna neman ya leƙo, ko da na 'yan mintoci ne.

Ya yi fama da ciwon ƙoda a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamban 2014, bai kai shekara 45 ba. Allah ya jiƙansa.

Shagunan kaset na Bata yawancinsu sun koma sayar da wayoyi da kayansu. A cikin wayoyin kuwa, guntayen finafinan Ibro na nan suna yawo a TikTok da WhatsApp, a hannun yaran da ko makarantar firamare ba su shiga ba lokacin da ya rasu.