Gustave Le Gray: Mai Hoton Sarki da Bashi Ya Kora Daga Gida

A shekarar 1999 aka yi gwanjon wani tsohon hoton teku a birnin Landan, aka saye shi fam dubu 507 da ɗari biyar. A lokacin ba a taɓa sayen hoto guda da tsada haka a gwanjo ba. Mutumin da ya ɗauke shi kuwa, Gustave Le Gray, ya rasu tun 1884 a Alƙahira, nesa da matarsa da 'ya'yansa, bayan bashi ya raba shi da ƙasarsu.

An haife shi a 1820 a Villiers-le-Bel, arewa da birnin Paris. Ubansa ɗan tireda ne, ya so yaron ya zama akawun lauya, shi kuwa zane ya sa a gaba. Ya yi almajirci wurin wani gwanin zane, Paul Delaroche, sa'an nan ya tafi Italiya, inda ya yi aure a 1844. Da ya komo gida sai ya ajiye burushi ya rungumi akwatin ɗaukar hoto, wanda a lokacin bai cika shekara goma da fitowa ba.

Abin da ya fara ɗaga sunansa wata dabara ce. A da, mai hoto sai ya jiƙa takarda da magani, ya yi amfani da ita ba da daɗewa ba, in ba haka ba ta lalace. Le Gray ya gano cewa in aka shafe takardar da kakin zuma kafin a sa mata magani, za ta yi kwanaki a bushe tana jira, kuma ba dole a wanke hoton nan take ba. Ke nan matafiyi ya iya shirya takardunsa a masauki, ya fita da su kamar guzuri.

Dabarar ta zo a kan kari. Tsofaffin majami'u da fadoji da ganuwoyin Faransa sun lalace ƙwarai. An farfasa wasu a juyin mulkin da ya soma a 1789, an sayar da wasu ana kwasar duwatsunsu ana gini, saura kuma ruwa da tsufa suna cinsu. A 1851 hukumar kula da gine-ginen tarihi, wadda marubucin nan Prosper Mérimée ke cikin manyanta, ta zaɓi masu hoto biyar ta raba musu ƙasar, su ɗauko kamannin gine-ginen kafin a taɓa su da gyara. Su ne Baldus da Bayard da Le Secq da Mestral da Le Gray.

Le Gray da Mestral suka haɗa tafiyarsu. Suka bi kogin Loire suka ɗauki fadojin Chambord da Chenonceau, suka gangara kudu. A Moissac suka ɗauki farfajiyar gidan ibadar da aka gina tun wajen 1100, mai ginshiƙai 76, kan kowanne da sassaƙarsa. A Cahors suka ɗauki tsohuwar gada mai hasumiya uku. A Carcassonne suka tarar da birni mai ganuwa biyu, hasumiyoyi sun zube, talakawa sun kafa gidaje a jikin bango. Shekara biyu bayan haka aka fara babban gyaran birnin, har masana suka yi ta gardama ko magini Viollet-le-Duc ya wuce gona da iri. Mai son sanin yadda wurin yake kafin gyara, hotunan nan yake dubawa.

To, da suka komo da kayan wahalarsu, me hukuma ta yi? Ta biya su, ta kulle hotunan a akwati. Ba a buga su ba, jama'a ba su gani ba, sai bayan fiye da shekara ɗari aka tono su aka baje. Aikin ofis ko'ina haka yake.

Duk da haka tauraronsa ya ci gaba da hawa. A 1855 ya buɗe ƙasaitaccen shago a titin Capucines da kuɗin wasu masu sarauta, faran dubu 100. Ya ɗauki hoton matar Sarki Napoleon na Uku, a 1857 kuma aka kira shi ya ɗauki atisayen sojojin sarki a sansanin Châlons. A shekarun nan ya yi hotunan teku. Akwatin wancan zamani ba ya iya kama hasken sama da duhun ruwa tare, sai ya riƙa ɗaukar kowanne daban, ya haɗa su wurin wankewa. Mutanen Landan da Paris suka yi ta mamaki.

Amma gwanin hoto ba gwanin lissafi ba ne. Ya ƙawata shago, ya ɓata lokaci wajen gwaje-gwaje, alhali abokan sana'a suna buga ƙananan hotuna masu araha suna tara kuɗi. A farkon 1860 masu jari suka janye, shago ya rushe. Ya bar iyali da masu bin bashi, ya shiga jirgin ruwan marubuci Alexandre Dumas. A Palermo ya ɗauki Garibaldi da titunan da yaƙi ya ragargaza. Da suka isa tsibirin Malta suka ɓata, Dumas ya sauke shi ya yi gaba.

Daga nan ya nufi Labanan da Sham yana yi wa wata jaridar Paris aiki, sa'an nan ya sauka Iskandariya. Wajen 1864 ya zauna a Alƙahira yana koyar da zane, har ya raka 'ya'yan Isma'il Pasha, mai mulkin Misira, zuwa kudancin kogin Nilu, yana ɗaukar tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni kamar yadda ya yi wa majami'un ƙasarsu. Shekara 24 ya yi a waje, bai sake taka Faransa ba. Ya rasu cikin watan Yuli na 1884. A 2002 babban ɗakin karatu na Faransa ya tattara ayyukansa ya baje su a Paris.