Alan Freed: Mutumin da ya buɗe wa waƙar baƙar fata ƙofar rediyo, toshiyar baki ta rufe masa tasa

A ranar 20 ga Janairun 1965 wani mutum mai shekara 43 ya mutu a asibiti a Palm Springs da ke jihar California. Giya ta lalata masa hanta, ƙoda ta daina aiki, bashin haraji na wuyansa, kuma babu wani babban gidan rediyo da ke son jin muryarsa. Shekara takwas kafin nan, duk faɗin birnin New York da wuya a sami muryar da matasa suka fi jira da dare kamar tasa. Sunansa Alan Freed. Tarihinsa ya taɓo tambayar da masu sauraro ke yi har yau a ko'ina: wane ne ke yanke hukuncin waƙar da za a sa a rediyo, kuma me ya sa wani kiɗan da jama'a ke so ba a jin sa a tashoshin garinsu?

Asali da tasowa

An haife shi a ranar 15 ga Disamban 1921 a jihar Pennsylvania, aka raɗa masa suna Albert James Freed. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga daular Rasha. A 1933 iyalin suka koma garin Salem na jihar Ohio, inda ya yi sakandare, ya kuma kafa ƙungiyar makaɗa yana busa ƙahon tirambon. Burinsa ya zama shugaban makaɗa, sai ciwon kunne ya tauye masa ji, burin ya tafi.

Daga nan ya karkata ga rediyo. Ya fara a ƙananan tashoshi a New Castle da Youngstown, yana karanta labarai da sakamakon wasanni. A 1945 ya sami gurbi a WAKR da ke Akron, ya yi farin jini a wurin matasa. Da ya nemi tafiya wata tasha a 1950, sai yarjejeniyar aikinsa ta ɗaure shi, domin ta hana shi yi wa abokan gogayyar tashar aiki na wani lokaci. Haka ya gangara Cleveland yana neman abin yi.

Giɓin da ke cikin akwatin rediyo

A ƙidayar 1950, baƙar fatar da ke Cleveland sun kai kusan 148,000, akasarinsu waɗanda suka baro kudancin Amurka don guje wa wariyar launin fata da neman aiki a masana'antun ƙarfe. Suna da kiɗansu, suna sayen faifansa. Har zuwa 1949 mujallar Billboard tana lissafa waɗannan faya-fayan a matsayin waƙoƙin wani jinsi, kafin ta sauya masu suna zuwa abin da ake kira R&B. Ƙananan kamfanoni irin su Chess na Chicago da Atlantic na New York da King na Cincinnati ne ke buga su. Manyan tashoshin rediyo kuwa sun ɗauka masu ba da talla ba za su sa kuɗi a kan irin wannan kiɗa ba, don haka suka bar shi a gefe.

Akwai waɗanda suka riga Freed ganin wannan giɓi. Tashar WDIA ta Memphis ta sa Nat D. Williams a iska a 1948, ta kuma mayar da dukkan shirye-shiryenta ga baƙar fata a shekarar da ta biyo. A 1949 Jesse Blayton ya sayi WERD a Atlanta, tasha ta farko mallakar baƙar fata. Da dare kuma WLAC ta Nashville tana watsa R&B zuwa jihohi da dama. Abin da Freed ya yi shi ne kai wannan tsari babbar tasha a babban birnin arewa, da hayaniyar da ba a saba ji ba.

Wanda ya nuna masa hanya ɗan kasuwa ne, Leo Mintz, mai kantin faya-fayai na Record Rendezvous. Mintz ya san abin da ke fita daga kantinsa, ya kuma san ba a jin sa a rediyo. Shi ya ɗauki nauyin wani shirin tsakar dare a tashar WJW, wanda ya fara a ranar 11 ga Yulin 1951. Freed ya laƙaba wa kansa suna Moondog. Yakan bar makirfo a buɗe yayin da faifai ke juyawa, yana kururuwa, yana kaɗa ƙararrawa, yana dukan littafin lambobin waya da tafin hannu don bin sautin ganga.

Daren da zaure ya gaza

Shaidar cewa giɓin na gaske ne ta fito fili a ranar 21 ga Maris 1952. Freed da abokan hulɗarsa sun shirya casu a zauren Cleveland Arena mai ɗaukar mutum kamar 10,000. Jama'ar da suka zo sun ninka haka, saboda an buga tikiti fiye da kima, wasu kuma jabu ne. Aka ɓalle ƙofofi. Paul Williams bai yi nisa da kiɗa ba hukumomi suka tsayar da taron. Washegari Freed ya ba da haƙuri a rediyo. Ana yawan lissafa wannan dare a matsayin babban casun rok-an-rol na farko, kuma mafi yawan waɗanda suka cika zauren matasan baƙar fata ne, waɗanda masu talla suka ɗauka ba kasuwa ba ne. Sai daga baya 'ya'yan farar fata suka riƙa kwararowa.

A Satumban 1954 tashar WINS ta ɗauke shi zuwa New York. Nan ya ci karo da mai sunan na asali, Louis Hardin, wani makaho mai kiɗa a bakin titi da aka daɗe da sani da Moondog. Hardin ya kai ƙara, ya yi nasara, kotu ta raba Freed da sunan. Sai ya sa wa shirinsa sunan rok-an-rol, kalmar da ta daɗe a cikin waƙoƙin baƙar fata. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, amma a bakinsa ta zama sunan kiɗan wani zamani guda. Casun da yake shiryawa a zauren Brooklyn Paramount ya riƙa tara dubban matasa, baƙi da farare a kujeru ɗaya. Ya fito a fina-finai biyar tsakanin 1956 da 1959.

A lokacin, al'ada ce mawaƙi farar fata ya sake rera waƙar baƙar fata a tausashe, rediyo ta ɗauki tasa ta bar ta asali. Pat Boone ya yi wa Fats Domino da Little Richard haka. Freed ya tsaya a kan sa faifan asali, abin da ya kai sunayen mawaƙa da dama gidajen da ba za su taɓa shiga ba.

Kiɗa a tsakiyar siyasar launin fata

Shekarar da Freed ya isa New York ita ce shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Masu kare wariya sun ga wannan kiɗa a matsayin wata ƙofar cakuɗuwa. A Alabama, Asa Carter ya jagoranci yaƙi da shi, kuma a Afrilun 1956 wasu farar fata suka far wa Nat King Cole yana tsakiyar waƙa a Birmingham.

A Yulin 1957 gidan talabijin na ABC ya ba Freed shiri mai zagaye ƙasa. Bayan makonni kaɗan kyamara ta nuno matashin mawaƙi Frankie Lymon yana rawa da wata yarinya farar fata. Tashoshin kudu suka tayar da jijiyar wuya, ABC ta soke shirin.

A ranar 3 ga Mayun 1958 ya kai casunsa Boston. An sami saɓani da 'yan sanda a kan kunna fitilun zaure, bayan an tashi kuma aka yi faɗace-faɗace a titunan da ke kewaye. Aka tuhume shi da tunzura tarzoma. Garuruwa da dama suka soke sauran casun. Daga baya an janye tuhumar, amma kuɗin lauyoyi ya riga ya cinye shi, ya kuma bar WINS bisa ƙorafin cewa tashar ba ta tsaya masa ba. Ya koma WABC.

Inda gizo ke saƙa

Wannan gefe ɗaya ne na mutumin. Ɗaya gefen yana rubuce a jikin faya-fayai. A 1955 kamfanin Chess ya fitar da Maybellene ta Chuck Berry, sai ga sunan Alan Freed cikin marubutanta, alhali bai rubuta ta ba. Ma'anar wannan ita ce duk kuɗin haƙƙin mallaka da waƙar ta kawo, yana da kaso, kuma duk lokacin da ya sa ta a shirinsa aljihunsa yake yi wa talla. Sunansa ya kuma bayyana a kan Sincerely ta ƙungiyar Moonglows. Babban abokin kasuwancinsa a New York shi ne Morris Levy, mai kamfanin Roulette, wanda kotu ta samu da laifin haɗa baki wajen karɓar kuɗi da barazana a 1988.

Ban da wannan, kamfanoni suna ba masu gabatar da shiri kuɗi ko kyauta don a sa faifansu, abin da Amurkawa ke kira fayola. Ga ƙaramin kamfani marar kuɗin talla, sau da yawa wannan ce kaɗai hanyar shiga rediyo. Ga mai sauraro kuwa yaudara ce, domin yana zaton zaɓin mai shiri yake ji, alhali abin da aka saya ne. A lokacin babu dokar tarayya da ta hana, amma jihar New York tana da dokar hana cin hanci a harkar kasuwanci.

A Nuwamban 1959, bayan tonon asirin maguɗi a gasannin kacici-kacici na talabijin, kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Oren Harris ya juyo kan rediyo. Akwai masu ingiza binciken don biyan buƙatar kansu. Tsohuwar ƙungiyar marubuta waƙa ta ASCAP ta daɗe tana jin haushin kishiyarta BMI, wadda gidajen rediyo suka kafa a 1939, kuma ita ke riƙe da yawancin waƙoƙin R&B da rok-an-rol. Hujjarsu ita ce ba don toshiyar baki ba, babu mai sauraron wannan kiɗa. Daren Cleveland na 1952 ya riga ya ƙaryata wannan hujja.

Kamfanin ABC ya buƙaci Freed ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa bai taɓa karɓar kuɗi don sa faifai ba. Ya ƙi, yana mai kafa hujja da cewa abin da ya karɓa ladan ba da shawara ne. Aka kore shi a watan, ya kuma rasa shirinsa na talabijin. A kamfanin guda akwai Dick Clark, mai shirin American Bandstand, wanda ke da hannun jari a kamfanonin waƙa da dama. Shi an ba shi damar sayar da jarinsa, ya bayyana gaban kwamitin a natse, ya ci gaba da aikinsa na shekaru da yawa.

A Mayun 1960 aka kama Freed a New York bisa zargin karɓar sama da dala 30,000 daga kamfanoni. A Disamban 1962 ya amsa laifi biyu, aka ci shi tarar dala 300 da ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata shida. Hukuncin bai taka kara ya karya ba, amma sunansa ya riga ya ɓaci. Ya yi aiki a KDAY ta Los Angeles, sannan WQAM ta Miami inda bai wuce wata biyu ba. A 1964 gwamnatin tarayya ta tuhume shi da ƙin biyan harajin kusan dala 38,000. Bai kai ga fuskantar shari'ar ba ajali ya riske shi.

Abin da ya biyo baya

A 1960 Majalisa ta gyara dokar sadarwa, ta wajabta bayyana duk kuɗin da aka karɓa don sa wani abu a iska. Tashoshi kuma suka ƙwace ikon zaɓen faifai daga hannun masu gabatarwa, suka damƙa wa daraktan shirye-shirye. Tsarin maimaita waƙoƙi 40 mafi kasuwa, wanda Todd Storz ya fara a Omaha, ya mamaye rediyo. Sakamakon haka, wanda ake buƙatar saye ya koma mutum ɗaya a kowace tasha, kuma ƙofar da baƙon kiɗa ke bi ta ƙara ƙunci. Sai a 1967 Tom Donahue, wanda shi ma ya bar Philadelphia a zamanin binciken, ya buɗe wani sabon tsari a zangon FM a San Francisco, inda mai shiri ke sa abin da ya ga dama.

Toshiyar bakin ba ta mutu ba, ta dai koma hannun dillalai da ke tsakanin kamfani da tasha. A 2005 Babban Lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya sa Sony BMG ya biya dala miliyan 10, Warner kuma dala miliyan 5, a kan wannan ɗabi'a. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar, har Clear Channel ya tara kusan 1,200. Idan ofishi ɗaya ke tsara jerin waƙoƙin garuruwa da yawa, mai sauraron da ɗanɗanonsa bai shiga lissafin masu talla ba yana komawa inda baƙar fatar Cleveland suke a 1950.

A 1986 aka sanya Freed cikin rukunin farko na waɗanda gidan tarihin rok-an-rol ya karrama, kuma saboda abin da ya fara a can ne, cikin wasu dalilai, aka zaɓi Cleveland ta zama mazaunin gidan. An kai tokar gawarsa can a 2002, aka fitar da ita a 2014, aka binne ta a maƙabartar Lake View a 2016. A wannan shekara ta 1986 ce kuma Chuck Berry ya dawo da cikakken haƙƙinsa a kan Maybellene, bayan shekara 31 ana raba kuɗinta da waɗanda ba su rubuta ta ba.