Hanns Vischer (Ɗan Hausa), 1876–1945, da Gadon Babban Baƙi da Ƙaramin Baƙi

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876, ya kuma yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ya fara zuwa Nijeriya a 1901 cikin ayarin 'yan mishan, amma bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya keta Sahara daga Tarabulus ta Murzuk da Bilma har zuwa Tafkin Chadi, tafiyar da ya rubuta littafi a kanta a 1910.

Abin da ya sa sunansa ya zauna a tarihin Hausa shi ne makarantar da ya buɗe a Nassarawa, Kano, a 1909, bayan an ɗora masa nauyin ilimin boko a Arewa. Gidan da ya zauna har yau ana kiran sa Gidan Ɗan Hausa. A 1912 ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa. Ba shi ya fara wannan rubutu ba, domin Schön da Robinson sun riga shi, sai dai a makarantarsa ne boko ya tashi daga littattafan Turawa ya koma hannun 'ya'yan Hausawa.

Tare da boko aka shigo da wani rarrabewa da ajami bai san da shi ba, wato babban baƙi da ƙarami. Baƙin ajami yana sauya siffa gwargwadon gurbinsa a kalma, amma ba ya girma don sunan mutum ko farkon jumla. Bahaushe ba ya furta bambancin babban baƙi da ƙarami. Akasin haka, bambancin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, kunne yana jin sa, ma'ana kuma ta rataya a kansa. Duk da haka, a rubuce-rubucen wancan zamani, ɗigo ko waƙafin sama ake yi wa irin waɗannan sautuka, wani lokaci ma a bar su ba alama. Ke nan bambancin da ba a furtawa ya sami cikakkun baƙaƙe tun kafin wanda ake furtawa ya samu.

Vischer ya bar Kano lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1923 zuwa 1939 ya riƙe sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ilimi a ƙasashen da take mulka. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926, wadda ta goyi bayan a ba kowane sauti baƙinsa. A shekarun 1930 ne baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka shiga ɗab'in Hausa ta hannun Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya. Vischer ya rasu a 1945.

Na'urorin da suka zo bayansa sun maimaita wancan jeri. Kwamfuta ba ta kwatanta baƙi da baƙi, lamba take kwatantawa da lamba. A tsarin EBCDIC na manyan kwamfutocin IBM, wanda ya fito tare da System/360 a 1964, lambar A 193 ce, ta a kuma 129. A tsarin ASCII kuwa 65 ne da 97. Don haka GUMEL da Gumel kalmomi biyu ne ga na'ura, har sai mai tsara manhaja ya mayar da su siffa ɗaya kafin kwatanci. Tsarukan biyu sun tanadi babba da ƙarami, amma babu wanda ya tanadi ƙugiya. Unicode ya ba ta lamba, amma a can ma Ɓ da Ɗ suna wani rukuni, ɓ da ɗ suna wani.

Matsalar ta fi bayyana a bakin iyaka irin Maigatari. Kalmar da ake rubutawa 'yan a Nijeriya, ƴan ake rubuta ta a Nijar, kuma waƙafin sama ba shi da babba ko ƙarami. Manazarcin da ya haɗa matanonin ɓangarorin biyu a rumbu ɗaya zai ƙirga kalma guda sau biyu.

Darasin da rayuwar Ɗan Hausa ta bar wa masu tattara matanin Hausa a yau shi ne su san abin da za a iya sadaukarwa. In aka haɗe babban baƙi da ƙarami wajen bincike, asarar kaɗan ce. In aka goge ƙugiya don na'ura ta huta, an taɓa harshen kansa.