Sarkin Musulmi Abubakar Atiku Mai Katuru

Da yawanmu kullum sai mun ratsa Ƙofar Atiku, wasu a ƙasa wasu a kan kabu-kabu, amma kaɗan ne za su iya faɗin ko wane ne mai sunan. Filinmu na tarihin magabata a wannan makon nasa ne.

Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ƙanen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An haife shi wajen shekarar 1782, don haka yana saurayi aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma da shi aka yi yaƙe-yaƙen jihadi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a. Atiku ya zauna ƙarƙashin wansa shekara ashirin, har Allah ya yi wa Bello rasuwa a Wurno cikin watan Oktoba na 1837, sannan sarauta ta zo hannunsa.

Sakkwaton da ya gada ta bambanta da zangon masu hijira da ya sani yana saurayi. Gari ya cika, fatake na shigowa daga Kano da Azbin da Nufe, manya sun tara dawaki da bayi da tufafi masu tsada. Tun kafin wannan lokaci baffansa Malam Abdullahi na Gwandu ya koka da yadda son dukiya da mulki ke shiga zukatan jama'a, har ya taɓa barin rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi. Atiku irin wannan ra'ayi gare shi. Yana ganin abin da Shehu ya kafa ba ya bukatar ƙari, tsare shi kawai ake bukata, kuma sakaci kaɗan zai mai da mutane kan al'adun sarakunan da aka yaƙa. Da hawansa ya tsananta wajen hana kaɗe-kaɗe da wasannin banza, ya kuma hukunta masu yin su da hukunci mai tsanani.

A nan ne masana tarihi suka rabu. Wasu na yabon sa da tsoron Allah da gudun duniya. Wasu kuma na cewa zafinsa ya yi yawa, mutane sun fi jin tsoronsa a kan son sa, ba kamar Bello ba wanda ya iya tafiyar da jama'a da lallashi. A ganinmu kowane ɓangare na da hujja, sai dai sarkin da zai fita yaƙi kusan kowace shekara yana bukatar mayaƙan da za su bi shi da zuciya ɗaya, kuma tsoro kaɗai ba ya kawo haka.

Yaƙin kuwa bai ƙare ba. A Gawakuke, cikin 1836, Bello ya karya Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Amma Gobirawa suka sake haɗuwa ƙarƙashin Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Daga can suke kawo hari kan iyakar daula. Atiku bai wakilta kowa ba, da kansa yake jan runduna. A 1842 ya kai yaƙi Tsibiri, aka ji masa rauni, ya rasu a kan hanyar dawowa a garin Katuru, can aka yi masa kabari. Dalilin laƙabinsa na Mai Katuru ke nan. Shekara biyar kacal ya yi yana sarauta, Aliyu Babba ɗan Bello ya gaje shi.

Gidansa bai fita daga sarauta ba. Ɗansa Ahmadu ya zama Sarkin Musulmi a 1859, wani ɗan nasa Abdurrahman ya hau a 1891. Jikansa ne Attahiru na ɗaya, wanda ya tari sojojin Turawan Ingila a Giginya cikin Maris na 1903, ya ƙi miƙa wuya, ya yi hijira zuwa gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Wani jikan nasa, Muhammadu Maiturare na Gwadabawa, shi ma ya zama Sarkin Musulmi a 1915.