Alhaji Abubakar Tafawa Balewa da Waɗanda Suka Rasu Tare da Shi a 1966

Gabatarwa

Shekarar 1966 tana daga cikin shekarun da Nijeriya ba za ta manta da su ba, domin a cikinta ne ta rasa shugabanni da yawa ta hanyar juyin mulki har sau biyu. A wannan ɗan rubutu zan kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, sannan in taɓo wasu da suka rasu tare da shi. Na zaɓe shi ne saboda a nan Kudu yawancin mutane sun san shi da hoton da ke jikin takardar naira biyar da kuma dandalin da ke ɗauke da sunansa a Legas. Kaɗan ne suka san cewa marubucin Hausa ne, kuma mu ɗaliban harshe ya kamata mu fara saninsa ta wannan fuska.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Balewa da ke cikin Jihar Bauchi ta yanzu. Shi ba ɗan sarauta ba ne. Bayan karatun allo ya shiga makarantar boko a garinsu, daga nan ya wuce Bauchi, sannan ya tafi Kwalejin Katsina inda ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Da ya gama sai ya koma Makarantar Midil ta Bauchi yana koyarwa, har ya zama shugabanta. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya ƙaro ilimin koyarwa na shekara guda.

Balewa Marubuci

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da muke karantawa a aji har yau: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East, sai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. A lokacin shekarunsa ba su wuce ashirin da ɗaya zuwa da biyu ba.

Shaihu Umar ya bambanta da 'yan uwansa. Babu raha irin ta Ruwan Bagaja a cikinsa, babu kuma jarumtaka irin ta Ganɗoki. Labari ne na yaron da aka sace tun yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Larabawa, inda ya yi karatu ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, kuma ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, gab da rasuwarta. A ganina, abin da ya fi damun marubucin shi ne halin da talaka ke shiga idan ba shi da mai kare shi daga masu ƙarfi. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. An gyara wannan fim aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Shigarsa Siyasa

A 1946 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya shiga majalisar ƙasa a Legas. A 1950 ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, domin talakawa su sami bakin magana a kan yadda ake mulkinsu. A wancan zamani wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga malamin makaranta, kuma ina ganin damuwar da ke cikin Shaihu Umar ce ta sake fitowa a wannan jawabi.

Ya zama mataimakin shugaban jam'iyyar NPC, wadda Sardaunan Sakkwato ke jagoranta. Ya riƙe muƙamin Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, sannan a 1957 ya zama Firayim Minista, kuma shi kaɗai ne ya taɓa riƙe wannan muƙami a Nijeriya. Shi ya karɓi takardun 'yancin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Saboda iya magana da daɗin murya aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Gwamnatinsa ta tura sojoji Kongo aikin kiyaye zaman lafiya a 1960, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963.

A cikin gida kuwa al'amura ba su yi sauƙi ba. Rikici ya ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Cif Ladoke Akintola, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a 1962, aka kuma ɗaure Awolowo a 1963. Zaɓen ƙasa na 1964 da na Jihar Yamma na Oktoba 1965 sun zo da zargin maguɗi, aka yi ta ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masu sukar Balewa suna cewa ya yi jinkirin ɗaukar mataki saboda Akintola abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne. Ni ma ina ganin wannan suka tana da tushe, duk da cewa har abokan hamayyarsa sun shaide shi da rashin kwaɗayin dukiya.

Rasuwarsa da Sauran Mamatan 1966

A watan Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin taron ƙasashe renon Ingila a Legas a kan matsalar Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan haka, a daren 15 ga Janairu, wasu matasan hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai ta Bauchi aka binne. Ya rasu yana da shekara 53.

A wannan dare ne aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. An haife shi a Rabah, shi ma ya yi Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Sakkwato kafin ya zama Firimiyan Arewa, a zamaninsa aka buɗe jami'ar Zariya a 1962. A Badun aka kashe Akintola, mutumin Ogbomosho, wanda ya yi malanta da aikin jarida da lauya kafin ya zama Firimiyan Yamma, kuma ya shahara wajen sarrafa harshen Yarbanci. An kashe Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Samuel Ademulegun. Ran 29 ga Yuli kuma, a juyin mulki na biyu, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan Balewa, tare da mai masaukinsa a Badun, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi. Baya ga waɗannan sanannu, dubban talakawa sun rasa rayukansu a tarzomar wannan shekara, galibinsu 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa, wasu da yawa kuma suka bar gidajensu. A 1967 yaƙin basasa ya fara.

Kammalawa

Duk wanda ya dubi waɗannan sunaye zai ga cewa mamatan 1966 sun fito ne daga Arewa da Yamma da Gabas da Tsakiyar Yamma, babu yankin da bai yi makoki ba. Zai kuma lura cewa Balewa da Sardauna da Akintola duk da alli suka fara kafin siyasa. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, don haka shawarata ga 'yan uwana ɗalibai ita ce, idan muka zo karanta Shaihu Umar kada mu tsaya ga haddace sunayen taurari don jarrabawa. Mu karanta shi tare da tarihin marubucinsa, mu tambayi kanmu yadda mutumin da ya tausaya wa uwar da aka raba da ɗanta ya tafiyar da mulki sa'ad da ƙarfi ya dawo hannunsa, inda ya dace da inda ya gaza. Allah ya jiƙansa, ya kuma kiyaye ƙasarmu daga sake ganin shekara irin wannan.